Hannu Ya San Hanyar Baki

Shekara goma sha tara muka yi da tsohuwar,
har kujerarta ta haddace ƙashin bayana.
Makunnin hita shi ne na biyu daga hagu,
bakinsa ya ɓantare tun wani hunturu,
da ɓantarar nake gane shi.
Na rediyo sai ya ce ƙas, ƙas, ƙas,
a na uku labaran duniya suke.
Ban taɓa kallonsu ba.
Ko a duhu hannu ya san hanyar baki.

Sai Hansatu ta ce, Baba, ka huta da garwar nan.
Ta kawo sabuwa, da albashinta, tana murmushi,
wa zai ce wa ’yarsa a’a?
Ciki fes, ba tudu ba kwari,
allo guda a tsakiya kamar farantin da aka lashe.
Na shafa shi, ya shafa ni,
ba wanda ya gane wani.

Talata ce, a Bradford, ƙarfe huɗu da rabi,
gari ya riga ya yi duhu, ruwa na tsiyaya.
Na ɗauko Mudi daga makaranta, rigarsa sharkaf,
numfashinmu biyu ya lulluɓe gilashi da tururi.
Hannuna ya tafi inda ya saba,
ya tarar an tashi.
Ido ya sauka neman hannu.
Taswira. Ba ita ba.
Waƙoƙi. Ba su ba.
Wani hoton kujera mai kibiyoyi uku,
na danna, ya buɗe mini wata ƙofar.
Numfashi uku ne, na ƙirga daga baya.
A numfashi uku mota ta ci tsawon sahu nawa?

Kaka!

Ƙafa ce ta amsa, ba ni ba.
Alhamdu lillahi, birki bai koma cikin allo ba tukuna.

Tsohuwa ce, Baturiya, da koren lema,
tana tsakiyar zanen tsallaka titi a Manningham Lane.
Tsakanin gwiwarta da hancin motar
bai kai tsawon takalmina ba.
Jakarta ta faɗi, lemuka suka watse.
Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga.
Ta ƙwanƙwasa murfin inji da lemar, sau biyu,
yadda ake tashin mai barci a masallaci.

Na fita cikin ruwa ina tsintar lemu,
ni da na yi Funtuwa zuwa Gusau da fitila ɗaya
ban taɓa taka ko zakara ba.
Biyar na miƙa mata.
Na shida yana ƙarƙashin taya,
ban nuna mata shi ba.

Hansatu ta ce ai magana ake yi mata, tana ji.
Na yi mata magana.
Turancina na tasha ne, ta kira mini wani Stuart.

Sun ce allo ya fi araha wajen ƙira,
na yarda, taura ma araha gare ta,
amma biyu ba sa taunuwa.
Ido ɗaya aka ba hanya amana,
don me za a aike shi kasuwa?

Na cire maɓallin tsohuwar rigata,
na manna shi a gefen allon, daidai alamar iska,
yatsa ya samu abin tuntuɓe.
Mako uku muna zaman lafiya.
Daren jiya, ina barci, motar ta sabunta kanta,
ta kwashe alamar ta kai wani lungu.
Maɓallina na nan, yana gadin kango.

Yanzu akwai tsumma kusa da giya,
tsohuwar safar Mudi ce, mai ratsin ja.
Ba ta da shafi na biyu.
Inda na ajiye ta jiya, nan take yau.